Kwando Arba'in

Ranar da aka rufe hanya
kwandona arba'in ne a Kwanar Gafan,
tumatir jawur, kamar an shafe shi da mai.
Direban da zai kai Ikko ya kashe mota,
ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta,
ya ce, "Malam Tasi'u, sai haƙuri."
Kwana uku haƙurin ya yi, ya fara wari.

Barira ta yanka abin da ya tsira,
ta shanya kauɗa a kan buhuna,
kan rumbu, kan danga, har bakin zaure.
Gida ya yi ja kamar mahauta.
Ƙudaje kaɗai ba a hana su taro ba.

An ce a wanke hannu da sabulu.
To, mun ji.
Burtsatse ɗaya ce a unguwarmu,
layinta ya fi sahun Juma'ar da aka hana.
Sabulun kuwa da zare ake yanka shi,
rabi na yau, rabi na mako mai zuwa.

An ce kowa ya zauna a gida.
Mai faɗar, gidansa da firji.
Ni gidana da baki tara
da tukunyar da ba ta jin sanarwa.

Ba na musun ciwon.
Yayata Lantana ta rasu a birni,
ta waya na ji, ta waya na yi gaisuwa,
kati ya ƙare
kafin in kai ga "Allah ya jiƙanta."

Tallafi ya iso, in ji mai unguwa.
Muka je da buhu, don kyautata zato.
Da gwangwanin madara aka raba,
na dawo da rabona a cikin hula.

Amma Huwaila ce ke ci mini rai.
'Yar aji shida, tana jiran jarrabawa,
ita ke karanta mini takardar bashin taki.
Ta goge kayan makaranta da dutsen gawayi,
ta ninke, ta sa ƙarƙashin matashi.
Duk Litinin sai ta ɗauko ta duba
ko sun yi mata kaɗan.

An ce darasi ya koma rediyo.
Na sayi batir sau ɗaya, na saya sau biyu,
na uku na sayi gishiri.
Malamin rediyo ba ya ganin hannu a sama.
Ta ɗaga, ta ɗaga,
ta sauke.

Ƙanenta Sa'adu ya mance bakwai sau takwas,
amma ya haddace kuɗin awara,
ya san lungun da ake zillewa
idan motar 'yan sanda ta tsaya a kwana.
Shekararsa tara.

Azumi ya same mu a kulle.
Asham a tsakar gida, ni ne liman,
akuya na ratsa sahu.
Ni da Barira, da ko maƙwabci bai taɓa jin mu ba,
muka yi cacar baki a kan ashana.
Ƙwaya uku ta ashana!
Yara suka yi tsit kamar ruwa ya cinye su,
tuwon daren nan babu wanda ya nemi ƙari,
ko da yake babu ƙarin.

Jiya da la'asar na dawo daga fadama
na tarar da jikin rumbu ya yi baƙi da gawayi.
Huwaila a tsaye da karan dawa,
yara shida a ƙasa, sun tanƙwashe ƙafa.
Na rakuɓe daga baya, na cire takalmi.

"Bakwai sau takwas?"
Sa'adu ya sosa ƙeya, ya lalubo ta.
Sai ta juyo, ta nuna ni da kara:
"Baba, kwando arba'in, kowane dubu uku,
nawa ke nan?"

Na ce, "Malama, bar wannan.
Ba ni wani."